Gyara jirgin tukuna kafin ka fara koyon tuƙi da na'urori

Ɗan'uwa, kai da Allah ya hore maka ƙaramin jirgin sama da lasisin tuƙin kanka, niyyarka ta koyon tuƙi da na'urori, wato dogaro da agogunan jirgi lokacin da ba ka ganin waje, tana kan hanya. Duk wanda ya san hazon Kaduna daga Disamba zuwa Fabrairu ya san ido kaɗai ba ya kai matuƙi gida. Amma jirgin da ke kai ka Zariya da rana tsaka ba lallai ne ya cancanci shiga gajimare ba, kuma nan ne mutanenmu ke yin sakaci.

Fara da injiniya mai lasisi. A gwada agogon tsayi da bututun da ke ba shi iska, a tabbatar ba ya yoyo, a duba taransfonda, na'urar da ke nuna jirginka ga masu kula da zirga-zirgar jirage, da rediyo. Idan na'urar nuna karkatar jirginka da famfon iska take aiki, tambayi awa nawa famfon ya yi. Ranar da ya mutu, na'urar ba ta tsayawa nan take. A hankali take kwantawa, kai kuwa kana bin ta da yarda har fiffike ya karkace ba ka sani ba, domin kunnen ciki ba ya jin juyin da ya zo sannu. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar famfon da wuri. Bututun auna gudu, don Allah a riƙa rufe shi a duk ajiya: zanzaro na cusa masa laka cikin kwana kaɗan, ka tashi agogon gudu yana yi maka ƙarya. Bayanan GPS kowane kwana 28 ake sabunta su.

Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, tana neman awa 50 na doguwar tafiya kana matuƙin da ke riƙe da jirgi, da awa 40 na tuƙi da na'urori, aƙalla 10 tare da malami a cikin jirgi. Sai gwajin ji irin na takardar lafiyar matuƙa aji na ɗaya. Ka nemi sharuɗɗan NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, a rubuce, ka tabbatar za a ƙirga maka awannin da ka yi a jirginka kafin ka kashe ko kwabo. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya na kusa, je ka yi tambaya.

Kada ka raina simuleta, na'urar da ke kwaikwayon tuƙin jirgi a ƙasa. A can ake kashe maka na'ura ɗaya bayan ɗaya ba tare da an sa rai a haɗari ba, kuma ta fi sayen mai sauƙi. Man abgas, wanda ƙananan jirage ke sha, yana wuyar samu a ƙasar nan, saboda haka ka san inda za ka sha kafin ka tsara darasi, da rarar man minti 45 bayan filin da za ka karkata idan na farko ya rufe.

Hadarin damina kuwa, lasisin tuƙi da na'urori bai ba ka ikon ratsa shi ba. Idan ya haɗo daga gabas da la'asar, a ɗaga darasin zuwa safiya.