Dan Dare: Yadda limamin coci ya ci kasuwar yara ba tare da ya hau mumbari ba

Ranar 14 ga Afrilun 1950 wata sabuwar mujallar zane ta yara mai suna Eagle ta fito a Birtaniya, kuma fitowar farko kaɗai an sayar da kwafi kusan 900,000. Wanda ya kafa ta ba hamshaƙin ɗan kasuwa ba ne. Marcus Morris limamin cocin Angalika ne a garin Southport da ke arewa maso yammacin Ingila, mutumin da ya ci bashi har wuya yana buga mujallar cocinsa. Abin da ya hana shi barci shi ne mujallun zane na Amurka, masu cike da kisa da ban tsoro, da suka fara shiga hannun yaran Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1949 ya yi rubutu a jaridar Sunday Dispatch yana kokawa, kamar yadda kowane malami zai yi. Sai dai shi bai tsaya a kuka ba. Ya haɗa kai da wani mai zane, Frank Hampson, suka yi ta yawo da samfurin mujallarsu ofis-ofis a Landan har kamfanin Hulton Press ya karɓa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wata shawara da aka yanke kafin a buga shafi ko ɗaya. A tsarin farko, jarumin mujallar limami ne, mai yi wa dakarun sararin samaniya hidimar addini. Kafin ta fito aka tuɓe masa rigar limanci, aka sa masa kakin soja, ya zama Kanar Dan Dare, matuƙin kumbo. A ganina nan aka ci nasarar. Tarbiyyar da Morris yake so ba ta tafi ko'ina ba, komawa ta yi cikin halin jarumin: Dan ba ya ƙarya, ba ya saɓa alkawari ko da wa maƙiyi ya yi shi, kuma ya fi son ya sumar da abokin gaba da ya kashe shi. Labarin addini tsantsa, wato tarihin Bulus, ɗaya daga cikin manyan masu yaɗa addinin Kirista na farko, an kai shi shafin baya. Yaro ya biya kwabbansa ne don kumbo, sauran kuwa ya sha ba tare da an ɗura masa ba.

Kuma sun san yaran da suke magana da su. Labarin farko an kai shi can tsakiyar shekarun 1990, duniya ta cika da jama'a, abinci ya yi ƙaranci, aka tura Dan zuwa duniyar Venus ya nemo inda za a yi noma. Yaron da ke karanta wannan a 1950 ya san layin abinci da idonsa, domin har lokacin da kati ake raba kayan masarufi a Birtaniya. Ba a sake wa alawa mara ba sai 1953, nama kuwa sai 1954. Yunwar da ke cikin labarin ita ce ta gidansu, an dai ɗaga ta sama ne kawai.

A Venus ɗin ne Dan ya haɗu da Treen, wasu koraye masu ilimin kimiyya da babu tausayi a ransu, da shugabansu Mekon, mai ƙaton kai da ɗan tsurut ɗin jiki, yana shawagi a kan wata 'yar kujera mai tashi. Shekara biyar kacal da faɗuwar Hitler, ba sai an gaya wa iyaye wa ake nufi ba. A gefen Dan akwai yaronsa mai yi masa hidima, Digby, mutumin Wigan mai son ciki, da Farfesa Peabody, mace masaniyar kimiyya wadda sau da dama ita ke fid da mazan daga rami. A mujallar yara maza ta 1950, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba na cikin masu yi wa Dan Dare kallon waliyyi. Wanda kakanninsa suka zauna ƙarƙashin mulkin Turawa zai gane wannan hoton nan take: hafsan Ingila mai sanyin murya, da yaronsa a baya, ya sauka ƙasar wasu ya raba musu gardama, ya nuna musu yadda ake mulki. A labarin gwamnatin duniya ɗaya ce, amma ko ta ina ka duba Bature ɗan Ingila ne a gaba, a daidai lokacin da daular ke zamewa daga hannunsu, Indiya ma ta riga ta tafi tun 1947. Mafarki ne na masu rarrashin kansu. Wannan bai rage ingancin aikin ba, kuma ingancin ne batuna.

Domin akwai hanya ta biyu, an kuma bi ta. A 1955 majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar hana buga mujallun ban tsoro ga yara. Masu goyon bayanta za su ce ta yi aiki, tunda irin waɗannan mujallu sun ɓace daga kasuwa, kuma da gaskiyarsu. Amma doka ta iya ƙwace abu daga hannun yaro, ba ta iya sa masa wani. Shekara biyar kafin ta, Eagle ta riga ta ba shi abin da ya fi wanda za a ƙwace kyau. Mu da muka ga yadda aka kai ruwa rana kan littattafan soyayya a Kano, har aka ƙona wasu a 2007, muhawarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Abin da masu yabon Morris kan tsallake shi ne tsadar hanyarsa. Hampson bai yarda da aikin sha-yanzu-magani-yanzu ba. Ya tara mataimaka, suna ƙera ƙananan samfuran kumbo, suna sa kaya a ɗauke su hoto kafin a zana kowane motsi. Mahaifinsa ma shi ne aka kwaikwaya wajen zana Sir Hubert Guest, shugaban rundunar. A watannin farko marubucin ƙagaggun labaran kimiyya Arthur C. Clarke ne ke ba su shawara kan kimiyya. Duk wannan wahala saboda shafi biyu a mako, ana kwana ana aiki, har rashin lafiya ta sha kwantar da Hampson.

A 1959 kamfanin Odhams ya saye Hulton. Sababbin masu gida suka ga ɗakin zanen na cin kuɗi, suka watsa shi. Morris ya bar mujallar, Hampson ya bar jarumin da ya ƙirƙira, aka miƙa shi ga wani mai zane, Frank Bellamy. Haƙƙin mallakar Dan Dare na kamfani ne, don haka kayan wasan yara da sauran tarkacen da aka yi ta sayarwa da sunansa ba su mai da Hampson mai kuɗi ba. Eagle ta yi ta ja da baya har aka narkar da ita cikin mujallar Lion a 1969. Sai a 1975 aka karrama Hampson a wani bikin masu zane a birnin Lucca na Italiya, shekara goma kafin rasuwarsa.