Ladi Kwali, mutanen Japan, da randar kakata

Jiya 'yata ta tsinci wata tsohuwar naira ashirin a aljihun rigata, ta juya bayanta ta ce, "Baba, wace ce wannan mai riƙe da tukunya?" Na ce Ladi Kwali ce. Ta ce me ta yi? Na ce ginin tukwane. Sai ta kwashe da dariya, wai tukunya kawai har a sa mutum a jikin kuɗi. Ban yi mata faɗa ba, domin a wajenmu ta koyi wannan dariyar.

Ku bari in ɗauko zancen daga nesa. A Japan, lokacin da kayan masana'anta suka fara cika kasuwa, wani mutum mai suna Yanagi Soetsu da abokansa suka shiga ƙauyuka suna tattara kwanon cin shinkafa, kwando, tsumman da aka rina da shuni, irin kayan da masu gari ke zubarwa. A 1925 suka laƙa wa abin suna "mingei", wato sana'ar hannun talakawa, a 1936 kuma suka buɗe masa gidan adana kaya a Tokyo. Hujjar Yanagi ita ce, kyau na gaskiya yana jikin abin da gwanin da ba a san sunansa ba ya yi don amfanin yau da gobe, mai araha, wanda hannu ya saba da shi.

Cikin abokan nan akwai maginin tukwane Hamada Shoji. Shi da wani Bature, Bernard Leach, suka kafa wurin ginin tukwane a St Ives ta Ingila a 1920. Almajirin Leach na farko shi ne Michael Cardew. To wannan Cardew ɗin ne ya zo Najeriya, ya ga tukwanen Ladi Kwali a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a tsohuwar Abuja da yanzu ake kira Suleja. Nan ya kafa makarantar ginin tukwane, Ladi ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Ka ga ke nan idon da ya gane darajarta a wata makaranta aka wasa shi, makarantar da tushenta ke ƙauyukan Japan. Amma kada a manta Sarki ya riga Bature gani, tunda a gidansa aka tarar da tukwanen.

Ladi Bagwariya ce, da hannu take jan yumɓu tana zagaya tukunya, ba ta buƙatar na'ura. Sai ta zana ƙadangare, kunama, kifi, kada a jikin tukunyar. Ta zagaya Turai da Amurka tana nuna gwanintarta, an ba ta lambar girmamawa ta Birtaniya, wato MBE, a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984.

Ga inda abin ke damuna. Tulun gargajiya yana sanyaya ruwa ne saboda jikinsa na da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa, iska na busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Da aka koma gasa tukwanen Ladi da wuta mai tsanani ana shafe su da sheƙi irin na tangaran, sai ƙofofin suka toshe. Tukunya ta yi kyau, ta yi nauyi, ta yi tsada, amma ta daina sanyaya ruwa. Ta tashi daga gindin bango ta koma cikin gilashi. Ban ce laifi aka yi ba, da ba haka ba watakila da duniya ba ta san ta ba. Sai dai ni a ganina ranar da abu ya zama na kallo kaɗai, ranar ya fara ciwon ajali.

Japan kuwa ba ta tsaya ga tafi ba. Ta yi dokar kare kayan al'adu a 1950, daga 1955 ta fara ayyana manyan gwanaye a matsayin "dukiyar ƙasa mai rai", Hamada na cikin rukunin farko. Gwamnati na ba kowannensu kuɗin Japan yen miliyan 2 a shekara domin ya ci gaba da aiki ya kuma koyar da na baya. Har gobe mutumin Japan na shan shayi da kofin da wani ya gina da hannu, bai ɗauke shi ƙauyanci ba.

Mu fa? Muna kai baƙi marinar Ƙofar Mata su ɗauki hoto a bakin karofi, mu koma gida cikin yadin da aka buga a waje. Jeren amarya ya tashi daga ƙwarya mai zane ya koma kwanon sha, ya koma tangaran, yanzu sai roba. Akushi ya zama kayan ranar al'ada a makarantun firamare. Kullum muna cewa gwamnati ba ta yi ba, alhali mai sassaƙa ludayi ba tallafi yake jira ba, mai saye yake jira.

Ni ma ban fita ba. Randar kakata, Allah Ya jiƙanta, tana nan a bayan ɗaki mun cika ta da tarkace, ga firji a falo da in an ɗauke wuta sai ya zama kabad. Da zafin bazaran nan na wanke ta na zuba ruwa, na rufe da faifai. Washegari 'yar nan da ta yi dariya ita ta fara kai moɗa, ta sha ta ƙara, ta ce ruwan yana ƙamshin ƙasa kamar an yi yayyafi.