Injin Jidda a kogin Kosti

Duk wanda ya san kamun kifi a kogin Farin Nilu na Sudan ya san giwan ruwa ba ya son hayaniya. Ana kama shi ne da jan ƙugiya a bayan jirgi sannu-sannu, injin fetur kuwa ko ka rage masa wuta sai ya yi ta ɓaɓatu, ga kuma layin mai da muke sha a Kosti tun kafin yaƙin 2023. Shi ya sa da ɗan yayata mai aiki a Jidda ya ba ni labarin wani ɗan inji mai amfani da batir, wanda aka ƙera musamman don irin wannan jan, na ce ya je shagon ya kira ni ta bidiyo, da idona zan zaɓa.

Mai shagon ya jero mini su a jikin bango. Farare na ruwan gishiri ne, irin na Bahar Maliya, sun fi tsada. Baƙaƙen na ruwan daɗi. Nan ba gardama, kogi gare mu. Sai ya tambayi nauyin jirgina, wai ƙa'ida ita ce kowace laba 100 ta nauyi (laba ɗaya kusan rabin kilo ce), har da mutane da kaya, tana son turin laba 2. To, wa ya taɓa ɗora jirgi a sikeli a Kosti? Nawa na katakon bagaruwa ne, ya shekara goma sha yana shan ruwa, ƙarti shida ke jawo shi tudu suna nishi. Na ce masa, "Daidai misali." Ya tambayi tsayin bayan jirgin daga ruwa, don sandar injin akwai mai inci 30, da 36, da 42. Na zaɓi mai 30, domin wata gwaggonmu ce za ta taho da shi daga Umra ta jirgin ruwan da ke zuwa tashar Sawakin, kuma na san halinta a kan dogon kaya. Wajen ƙarfin turi kuwa akwai mai laba 30, da 40, da 55, wanda shi ne ƙarshen abin da batir ɗaya mai bolt 12 ke iya ɗauka. Namiji ba ya barin 55 ya ɗauki 30.

Ban san wanda ya fara kai lambar bakin kogi ba. A wajenmu inji da doki ake auna shi. Talaka na da Yamaha mai doki 15, Sarkin Ruwa kaɗai ke da mai 40. Kafin gwaggo ta sauka, labari ya gama wajen masu shayi cewa wane ya yi odar inji mai doki 55 daga Saudiyya. Ni dai ban ce doki ba, ban kuma ce laba ba. Wanda ya taya ni murna na amsa, wanda ya nemi a ɗauke shi ranar gwaji na ce Allah ya kai mu. Sarkin Ruwa ya daina amsa gaisuwata da sakin fuska.

Ranar gwaji, cikin hunturu, na sauko da injin a saɓe a kafaɗa da hannu ɗaya. Jama'a suka yi ta leƙa bayana, suna jiran amalanken da zai kawo sauran. Kafinta ya riga ya buga mini katako a bayan jirgin inda za a ɗaure shi. Batir kuwa, mai shagon ya nanata cewa a nemi irin na sola, mai jure zuƙa ta tsawon lokaci, na mota an yi shi ne don bugun tashi kawai. Amma maƙwabcina na da wata tsohuwar mota da ke zaune kan duwatsu, ya kuma rantse batirinta lafiya lau. Filafilai na bar su a gida. Mai ɗakina ta biyo ni da su har ƙofa, na ce ta mayar, kada a yi mini dariya.

Mu biyar muka shiga, har da Kawu da butar shayinsa. Na murɗa hannun injin. Shiru. Wani daga tudu ya ɗaga murya, "To, a tayar mana!"

"Ai ya tashi," in ji ni.

"Ina ƙarar?"

"Na zamani ne."

Farfela ya kamata ta nutse wajen inci 12 a ruwa. Tawa, da yake kowa ya ruga gaba don ya riƙe da kyau kada gudu ya watsar da shi, bayan jirgin ya ɗaga, sai ta tsaya a fatar ruwa tana kaɗa kumfa kamar maburgi a tukunyar miyar kuka. Na dawo da mutum uku baya, ta nutse, jirgi ya motsa. Ya motsa fa, ba wanda zai yi musu. Sai dai wata yarinya da ke kora awaki a gaɓa ta wuce mu, ta je ta shayar da su, ta dawo ta same mu muna gaisawa da mutanen da muka yi wa sallama.

Da muka fita tsakiya abin ya yi kyau. Ruwan Kosti ba shi da gaggawa, tunda madatsar Jabal Auliya ta 1937 ta tare shi can arewa, iskar hunturu kuma na turo mu daga baya zuwa kudu. Na zuba ƙugiya, na harɗe ƙafa, ina yi wa Kawu bayanin ilimin Amurkawan da suka ƙera injin. Har giwan ruwa ɗan madaidaici muka kama, shaida ke nan cewa zaɓina ba laifi.

Juyowa gida ne iskar ta zama ta gaba. Na ƙure wuta. A ƙure irin wannan inji na zuƙar wutar batir wajen amfiya 50, ko lafiyayyen batir mai lambar amfiya 100 da ƙyar ya kai awa 2, balle na motar da kaji ke ƙwai a cikinta. Farfela ta fara juyi kana iya ƙirga fukafukanta. Sai ga tarin kainuwa, irin mai shuɗin furen nan da ta addabi Farin Nilu, ta naɗe ta tsaf. Na tsoma hannu ina warwarewa, iska na mai da mu inda muka fito. Kawu ya cire takalminsa na roba ya fara tuƙi da shi, wani ya ɗauki farantin shayi, ni aka miƙo mini murfin kula.

Gab da magariba muka ji ƙarar da duk Kosti ta sani. Sarkin Ruwa ya zagaye mu sau ɗaya a hankali, ya kashe injinsa, ya jefo igiya bai ce uffan ba. Sai da Kawu ya ɗaure ta sannan ya dubi ɗan baƙin injina, ya dube ni.

"Malam, dawakin nan 55, a Jidda aka baro su?"

Kawu ya riga ni. "Ranka ya daɗe, an bincika, ko doki ɗaya bai cika ba."

"To, ku riƙe da kyau. Kifin nan kuma a miƙo shi nan, kada ya yi muku nauyi."