Kemistirin da ake farawa da matsala

Mu da muka yi kemistiri a gida Najeriya mun san yadda abin yake. Malam ya cika allo, mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu amayar masa da kayansa. Nan Amurka kuwa, wasu malaman sai sun ajiye wa ɗalibai matsala ta gaske tukuna, ƙa'idoji su biyo baya. Salon ba sabo ba ne, tun 1870 ake koyar da lauyoyi haka a jami'ar Harvard.

Ga misalin garin Flint a jihar Michigan. A 2014 aka mayar da ruwan famfon garin zuwa na kogi, ba a kuma zuba sinadarin fosfet da ke hana bututu zaizayewa ba. Ruwan kogin yana da kulorayid (sinadarin da ke cikin gishiri) da yawa, sai ya cinye ɓawon da ya lulluɓe cikin tsofaffin bututun dalma, guba ta bi ruwa har kofin yara. Malami zai miƙa wa ɗalibai wannan labari, ya ce su gano abin da ya faru. Kafin su kai ga amsa, dole su san yadda sinadari ke narkewa, su san aikin asid, su san yadda ƙarfe ke tsatsa. Babu mai tambayar amfanin darasin.

Abin da ke damuna shi ne mu ma muna da namu labarin, har ya fi wannan ɗaci. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, saboda dutsen zinaren da ake niƙawa a tsakar gida cike yake da dalma. Me ya sa ƙurar ta fi illa ga yara? Yaya maganin da likitoci suka ba su ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari? Wannan ai kemistiri ne tsagwaronsa.

Ba na cikin masu raina hadda. Na ga ɗalibi a nan da zai zuba maka bayanin Flint tiryan-tiryan, amma ka ba shi lissafin sinadarai ya daidaita, sai ya fara susar ƙeya. Salon yana cin lokaci kuma, ga aji cike maƙil, ga WAEC tana jira. Amma labari guda a kowane zango ba zai gagari malami ba, tunda ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Takarda biyu da tambayoyi masu kyau sun wadatar.