Tsohuwar motar da babu wasu sassanta ba araha ba ce

Akwai wata fahimta da nake yawan ji a garejojin Damagaram, kuma tana damuna: wai idan aka sami tsohuwar motar ƙawa mai ƙofa biyu da injinta ke tashi, to a saya ko da wasu sassanta sun ɓace, domin sauran ƙananan abubuwa ne. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, tunda a motar haya inji ne ke cin kuɗi.

Amma a irin waɗannan motoci, inji shi ne mai sauƙin gyara. Ɗauki Peugeot 504 Coupé, wadda aka fara fitarwa a 1969 aka daina a 1983. Idan mai silinda huɗu ce, yawancin kayan injinta iri ɗaya ne da na 504 da muka sani, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, don haka bakanike zai same su nan ko a Kano. Jikinta kuwa kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya ƙera shi dabam: gilashin gaba, ƙofofi da fitilun baya ba sa shiga da na 504 ta gama-gari. Idan babu su, sai an nemo daga Turai, a biya kuɗin jirgi da na duwan, kuma gilashi ɗaya yana iya tsayar da aikin wata da watanni.

Saboda haka, kafin a yi ciniki, a rubuta duk abin da babu, a binciki farashinsa, a leƙa ƙarƙashin motar a ga ko tsatsa ta ci ƙarfen, sannan a gwada lambar jikinta da ta takardunta.