Mai neman haya a Kano, kada sunan unguwa ya yanke maka hukunci

Duk wanda aiki ko karatu ko kasuwanci ya kawo shi Kano, abin da yake fara tambaya shi ne wace unguwa ce ke da zaman lafiya, kuma amsar da ake ba shi kusan ɗaya ce: ya guji Kurna da Ɗorayi da Rijiyar Lemo saboda faɗan daba, ya nemi Nasarawa ko Bompai idan aljihunsa zai ɗauka. A ganina dillalan gidaje ne suka fi cin moriyar wannan amsa, domin da ita suke ɗaga kuɗin haya. Birnin da ya mamaye ƙananan hukumomi takwas, har ya haɗiye ƙauyukan Kumbotso da Ungogo, ba a gane lafiyarsa da sunan unguwa, sai dai layi-layi.

A cikin unguwannin da ake tsoratar da baƙo da su akwai lungunan da ɓarawo ba ya kusanta, saboda dattawa suna zaune a majalisa har bayan sallar isha'i, matasan layin suna sintiri, kuma duk baƙuwar fuskar da ta gifta sai an tambaye ta gidan wa take nema. A sababbin unguwannin bayan gari kuwa, inda kowa ya ja doguwar katanga ya ɗora mata waya, mutum zai yi shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba, ga kangwaye da filayen da ba a gina ba sun zama maɓoyar masu shaye-shaye. Idan aka haura gida a irin wannan wuri da tsakar dare, mai gida zai yi ta ihu babu wanda zai leƙo, domin babu wanda ya san muryarsa.

Ƙwacen waya, wanda ya fi komai damun mutanen Kano a 'yan shekarun nan, ba ruwansa da inda mutum yake kwana. A bakin titi ake yinsa, ko a cikin adaidaita sahu da almuru. Tun da aka hana acaɓa a 2013 adaidaita ta zama abin hawan talaka, kuma a 2022 gwamnatin jiha ta hana ta zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda miyagun da ke fakewa da ita. Baƙon da ya saba ciro waya a ko'ina a garinsu ya kamata ya bar wannan ɗabi'a, kuma idan aka zare masa wuƙa ya miƙa wayar, domin an rasa rayuka wajen jayayya a kanta.

Kafin ya biya kuɗin haya, ya koma ya ga layin da daddare ba tare da dillali ba, ya zauna wajen mai shayi ya saurari hirar da ake yi, ya tambayi liman ko an taɓa haura gida a kusa. Bayan ya tare, ya je ya gaida mai unguwa ya gabatar da kansa, ya riƙa biyan kuɗin 'yan sintiri a kan lokaci ko da yana ganin aikinsu bai taka kara ya karya ba, domin ranar da wani abu ya faru su ne za su riga 'yan sanda isowa ƙofar gidansa.