Yawan sitiret ba ya ƙara girman ƙwayoyin zinariya

Ɗalibai da dama suna zaton cewa idan aka ƙara sinadarin sitiret (wani gishiri da ake samu daga sinadarin tsamin lemun tsami) wajen haɗa ƙwayoyin zinariya masu girman nanomita (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita), ƙwayoyin za su fi girma. Akasin haka ne ke faruwa. A hanyar haɗa ƙwayoyin cikin ruwa da masanin kimiyya Turkevich ya bayyana a 1951, wadda wani masanin mai suna Frens ya inganta a 1973, yawan sitiret yana sa ƙwayoyi masu yawa su tsiro, sai su raba zinariyar da ke cikin ruwan a tsakaninsu, kowace ta tsaya ƙarama, ruwan kuma ya yi ja. Idan aka rage shi, ƙwayoyin sukan girma, launin ya karkata zuwa shunayya. Siffa kuwa lamari ne daban, domin wani sinadari mai kama da sabulu da ake kira CTAB, wanda ke manne wa wasu sassan ƙwayar, yana taimaka mata ta miƙe kamar sanda.